Ranar da Na Kayar da Jirgi a Gaban Iyayen Yara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar baje kolin kimiyya a makarantar da nake koyar da kwamfuta a Gusau. Mako guda na yi ina cika baki cewa zan tuƙa jirgin sama a gaban iyayen yara, na cikin kwamfuta dai, irin manhajar da matuƙa ke gwaji da ita. (Ni da ko ƙofar jirgi ban taɓa leƙawa ba.)

Kwamfutar sabuwa ce fil. Rabi'atu ce ta harhaɗa ta, tsohuwar ɗalibata 'yar Furfuri, wadda ba ta daɗe da buɗe shagon gyara ba. Shugaban makaranta ya ce in wannan ta yi kyau, Rabi'atu za a ba aikin sauran kwamfutocin makarantar. Har mahaifinta ya baro gona ya zo kallo.

Ana gobe taro, manhajar ta yi gardamar buɗewa. Maimakon in kira Rabi'atu (malami ya tambayi ɗaliba? girman kai ya hana), sai na tuno wata tsohuwar dabara. Akwai ɗan akwatin da ake sa wa alama, kwamfuta ta riƙa yi kamar tsohuwa don ta karɓi tsofaffin manhajoji. Na danna, ta buɗe, na kashe na tafi gida ina jin kaina.

Ashe wannan saitin dabaibayi ne ga katin da ke sarrafa hoto. Da taro ya cika, hoton ya dusashe, yana tafiya yana cijewa. In na karkata hagu, sai jirgin ya tsaya shawara tukuna. Wani Alhaji daga Tsafe ya ce, "Malam, wanga jirgi kunkuru ya hau ko jaki?" Kafin dariya ta lafa na dasa hancin jirgin a ƙasa.

Nan na tafka abin kunyar. Na ce, a lasifika kuwa, "Laifin kwamfutar ne." Shugaba ya juya ya dubi Rabi'atu. Mahaifinta ya sunkuyar da kai.

Yarinyar nan ba ta ko ɓata rai ba. Ta taso ta ce, "Malam, a ba ni minti guda." Ta buɗe saitin, ta ga alamar, ta ɗan dube ni, ta cire. Jirgi ya tashi sumul, har inuwar gajimare ana gani a ƙasa.

Shugaba ya tambaye ta abin da ya faru. Ta ce, "Saiti ne kawai, ranka ya daɗe. Malam ne ya koya muna mu fara duba nan."

Wallahi na ji kamar in nutse. Ni na jefa ta, ita ta rufa min asiri. Na jawo lasifikar na ce, "Jama'a, ni na sa alamar, kwamfuta lafiyarta ƙalau." Aka ba ta aikin.

Tun daga ranar ba na taɓa saitin da ban sani ba sai na kira ta. Har yau sai ta russuna ta gaishe ni, sannan ta tambayi me na ɓata.