Durƙuson da Ya Ƙi Ƙarewa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya sa na fara rikita sunayen 'ya'yana, da ranar da na je gaishe da mahaifin Hadiza a ƙauyensu da ke bayan Gezawa. Amma bari in faro daga tushe, kada ku yi min dariya ba ku san dalili ba.

Shekarar korona ni ma ta kama ni, a kasuwar birni inda nake sayar da hatsi. Zazzaɓi da tari suka tafi, ƙarfina kuwa ya ƙi dawowa. Abin haushin, ranar da na yi aiki garau nake. Sai washegari ko jibi in tashi kamar an daka ni a turmi, gaɓoɓi na ciwo, kai ya toshe, ko buta ba na iya ɗagawa. To wa zai yarda da kai? Jiya an gan ka da buhu a ka, yau ka ce masallaci ya yi maka nisa. Kafin ka ce me, majalisar ƙofar gidanmu ta raɗa min suna Rago.

Na je asibiti a birni. Gwajin jini lafiya, hoton ƙirji lafiya. Likitar ta dube ni ta ce, "Malam, yaya gajiya?" Na gyara zama na ce, "Ba gajiya, likita." (Ni fa na zaci gaisuwa ce.) Ta yi dariya ta ce ba gaishe ni take ba, tambayar aiki ce. Ta bi ni dalla-dalla: jikin nan take yake karyewa, ko sai an kwana? Da na ce sai an kwana, ta gyaɗa kai. Ta ce ragowar korona ce, gwaji ba ya nuna ta, daga bakin mai ita ake ganewa. In riƙa tsayawa tun kafin in gaji, in rarraba aiki, in huta tsakani, kuma kada wani ya zuga ni in yi na maza, ƙara kwantar da ni zai yi. Na kiyaye, har na fara samun sauƙi.

Sai ga zancen aure. Hadiza ta faɗa min a wurin zance cewa sunan Rago ya isa kunnen babanta, Malam Garba, kuma ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai bar ta da yunwa ba. Ranar Asabar zan je gaisuwa, ran nan zai yanke magana. Ranar Alhamis kuma ya kira gayyar noman gero.

"Don Allah kada ka je gayyar nan," in ji ta. "Ka faɗa wa Baba gaskiya kawai."

"Ke dai ki zuba ido," na ce.

Jama'a, na yi noma! Mai ganga ya kama wasa ni, mata masu kawo fura suna kallo, kaina ya kumbura. Na bar samarin ƙauyen a baya, ina nome kunya bayan kunya, Malam Garba na gindin ɗorawa yana jinjina kai. Juma'a na tashi da ɗan tsamin jiki kawai, har na ce a raina likitar nan ba ta san ɗan manomi ba.

Asabar ta zo da nata. Abokina Sani ne ya sa min babbar riga, ya ɗora ni a babur, na riƙe shi gam. Muka tarar da zaure cike da dattawa. Na cire takalmi na durƙusa. (Saukar ba ta ba ni wahala ba ko kaɗan.)

"Ina gajiyar noma?" in ji Malam Garba.

"Ba gajiya, Baba."

"Madalla. Taso ka hau tabarma."

Na ce wa ƙafafuna mu tashi, suka ce ba da su ba. Don in sami lokaci sai na sake ɗauko gaisuwa daga farko. Yaya damina, yaya iyali. Na bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Kai, yaron nan akwai ladabi!" Na tambayi shanu, na tambayi awaki.

"Ya isa, ɗana, taso mana," in ji Malam Garba.

"To, Baba. Yaya... jakin nan?"

Na tattara abin da ya rage na yunƙura, sai na tafi gefe a hankali kamar buhun da ba a jingine daidai ba. Hula ta gangara, gwiwar hannuna ta nutse a ƙwaryar fura. Ina kwance ina kallon azara, bakina kuwa bai daina ba: "Lafiya ƙalau nake, Baba."

Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Hawaye ya zo min, don na san Hadiza ta kuɓuce. Tunda ba abin da ya rage, a kwancen nan na faɗi komai, da korona, da maganar likita, da gargaɗin Hadiza.

Malam Garba ya shafa gemu ya ce, "'Ya'yana ƙaryar ciwo suke yi don su guje wa gona. Yau na ga mai ƙaryar lafiya don ya shiga. Rago ba ya yin haka, sai dai wawa. Wawa kuwa, Hadiza za ta iya da shi. Ka ce wa manyanka su zo."

A amalanken shanunsa aka mai da ni gida. Noman nan ya kwantar da ni makonni, sai da aka ɗaga sa rana. Yanzu Hadiza ce mai ce min "ya isa," kuma ba na musu. In na je gaishe da surukina, tun daga nesa yake ƙwala kira a fito da kujera, duk ƙauye na ji. Ni dai na koyi darasi: kafin in durƙusa wa kowa, sai na fara tambayar ƙafafuna ko za su dawo da ni.