Rasuwar Baban Rami a Cikin Laya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Sagiru mai ɗinkin hula, wanda unguwar Takur ta garin Dutse ta fi sani da Sagiru Mai Dodo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da masu nuna su abokan arziki ne, rasuwar Baban Rami. An tabbatar da rasuwarsa a cikin wannan damina ta shekarar dubu biyu, bayan jinyar da babu wanda ya san yana yi, har ni da nake ɗauke da shi a ƙirjina.

Saboda dattawan da za a karanta wa wannan sanarwa, ya kamata in yi bayanin ko wane ne marigayin. Baban Rami dodo ne, amma ba irin wanda ake tsorata yara da shi ba. Mazauninsa cikin wani wasan gem na faɗa ne da ake bugawa a talabijin a shagon Yahuza, kusa da injin niƙa. A wasan nan an kwaso mayaƙa daga wasanni daban-daban an zuba su a fili ɗaya. Akwai mai takobi, akwai ɗan karate, akwai wani mutumin ƙarfe, da wata mai bulala wadda Yahuza ya ɗaura wa hotonta zane da baƙin fenti tun da aka ƙaddamar da shari'a. Duk waɗannan zaɓensu ake yi, kowane ɗan koyo ya ɗauki wanda ya ga dama. Baban Rami ba a zaɓensa, kiransa ake yi. Idan faɗa ya yi zafi, jinin mayaƙinka ya kusa ƙarewa, sai ka danna maɓallai a wani jeri, ƙasa ta tsage, ya fito da ƙahoninsa, ya tunkuyi abokin gabarka, ya koma inda ya fito. Kuma ba ya amsa kira sai ga wanda ya cinye wasan daga farko har ƙarshe ba a kayar da shi ko sau ɗaya ba. Wanda ya yi hakan sai a ajiye masa dodon a cikin memori, wani ɗan katin roba da bai fi akwatin ashana ba, wanda ake sokawa a jikin na'urar wasan.

A Takur kaf mutum ɗaya ne ya yi hakan, kuma shi ne yake rubuta wannan sanarwa. Na yi rani na yi damina ina nemansa. An sha ɗauke wuta ina tsakiyar faɗan ƙarshe, in koma in faro daga farko. Babban yatsana ya yi bororo har na kasa riƙe allura, hulunan sallar mutane suka kai bayan salla. Ranar da ƙasa ta fara tsagewa ya fito, yara suka fita da gudu suna shelar Sagiru ya samo dodo. Tun ranar sunana ya canja, kuma ban ɓoye ba, na ji daɗin sunan.

Marigayi ya kasance mai cika alkawari. Ban taɓa kiransa ya ce yana zuwa ba. Ba shi da yawan magana, a duk zamanmu kalma biyu na sani a bakinsa. Idan zai fito ya ce "Gurrumm," idan zai koma ya ce "Huff," kamar wanda aka tasa daga barcin rana ya gama abin da aka sa shi. Ba ya gulma, ba ya neman goro. Da an kira salla Yahuza ya kashe talabijin, yakan tafi ba gardama, abin da ba zan iya shaidar wasu 'yan shagon da shi ba. Har mahaifiyata Iya ta shaide shi. Da ta ji ana cewa ɗanta yana kiran dodo, ta yafa mayafi ta zo ƙofar shagon da kanta, na kira shi ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan ai bijimin sa ne ya tsaya da ƙafa biyu. Allah ya shirye ku." Ta koma gida hankali kwance.

Ba a faɗin aibun mamaci, amma gaskiya ta fi ƙarfina. Aibunsa ɗaya ne: bai san nasa ba.

A farkon bazara wani saurayi mai suna Bubayero ya zo daga Taura, ya sauka wurin yayarsa Adda Mashkura da ke aure a layinmu. Kiwo ya taso yana yi, bai taɓa riƙe hannun gem ba, abin maɓallan nan da ake buga wasan da shi. Ni na koya masa. Ina so a rubuta wannan da kyau, ni na nuna masa inda ake naushi da inda ake tsalle, domin na ga baƙo ne, yana tsaye a bakin ƙofa. Da ya ɗan iya, ya roƙi in bar shi ya kira dodon sau ɗaya. Na miƙa masa hannun gem ɗin da kaina, na faɗa masa jerin maɓallan, ina dariya.

Ban san abin da yatsun da suka saba tatsar nono suka danna ba. Ya jira har jinin mayaƙinsa ya zama kamar zare, ya matso dab da abokin gaba, ya ce "War" a hankali, wato zo da Fulatanci, yadda ake kiran saniya. Ƙasa ta tsage. Baban Rami ya fito, ya sunkuyar da kai, ya ɗauki mayaƙin Bubayero ya ɗora a wuyansa, suka bi filin a guje tare har abokin gaba ya baje. Kuma ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, doguwa mai daɗi, "Huwooo." Shekara guda muna tare bai taɓa sunkuya mini ba, bai taɓa ɗaukata ba, bai taɓa yi mini huwooo ba. Ni sai gurrumm da huff, kamar mai bin bashi.

Na tafa tare da jama'a, domin ina da tarbiyya. Na koma gida na kasa cin tuwo. Na gwada abin ni kaɗai da safe kafin shagon ya cika, na jira jini ya zama zare, na matso, har "War" ɗin na faɗa da na tabbatar Yahuza ya fita sayen mai. Ya fito ya yi tunkuyinsa na kullum ya koma. Kishi ne ya kama ni, kuma duk wanda ya ce a matsayina ba zai ji ba, bai taɓa wahala a kan abu ba. Daga nan kullum sai a ce, "Mai Dodo, ara wa Bubayero memorin mu ga hawan wuya." Ni mai dodon na koma mai riƙe masa takalmi.

A nan jinyar ta samo asali. Kowa ya san a unguwarmu ba a hana aro. Wanda ya hana aron keke ko dutsen guga, da sunan marowaci za a binne shi. Na yi ta tunanin abin da mutum zai rataya a fili, kowa yana gani, amma babu mai buɗe baki ya ce ara mini. Sai na gano laya ce. Babu mai aron laya, babu mai tambayar abin da ke cikinta. Niyyata in killace marigayin a ciki har Bubayero ya koma Taura wurin shanunsu. Na san ni ma ba zan gan shi ba a tsawon lokacin, na kuma yarda, domin rashinsa ya fi mini sauƙi a kan in ga wani a wuyansa.

Ban kai aikin wurin dukawan Dutse ba, gudun baki. Na hau mota ranar kasuwar Ringim, na sami wani dattijon baduku, Malam Arzika. Na riga na naɗe memorin a takarda na ɗaure da zare yadda malamai ke yi. Na ce, "Baba, a rufe mini wannan, an ce kada a buɗe." Ya ce, "Mu ba ma tambaya, ɗana. Je ka yi sallarka ka dawo." Da na dawo na tarar da laya ja, shafal, ɗinki kamar na inji. Yana rataya mini ya ce, "Malamin naka ya cika takarda, ta yi tauri. Sai da na jiƙa fatar sosai, na ɗan daddaka ta a kan dutse ta kwanta, kada ta riƙa sukarka a ƙirji." Na yi masa godiya, har na yaba aikin. Hankalina yana kan fuskar da Bubayero zai yi.

Ba na ganin laifin Malam Arzika, aikinsa ya yi yadda ya gada. Ba na ganin laifin kaina, kowa yana da ikon adana abinsa. Da wani ya zauna a garinsu, da yau marigayi yana raye.

Na shaida wa 'yan shago cewa Baban Rami yana hutawa, na ƙi ƙarin bayani. Fuskar da na jira kuwa ban gan ta ba. Bubayero bai yi fushi ba, bai yi magiya ba. Kullum da safe idan zai wuce inda nake ɗinki sai ya rage tsawo ya ce, "Mai Dodo, ina kwana? Ya jikin bijiminmu?" Bijiminmu. Ina zaune da abina a ƙirji, wani yana shiga cikin gadon da bakinsa. In ce masa "Da sauƙi," in soki yatsana da allura.

Damina ta sauka, Bubayero bai koma Taura ba, mijin yayarsa ya sama masa aiki a gari. Sai ga shi da sabuwar memori tasa, babu komai a ciki, ya fara wasan daga farko. Ina kallo daga bayan benci yana cinye mayaƙan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko zufa. Abin da ya cinye mini rani da damina, shi yana neman gamawa kafin gero ya fid da kai. Da na ga saura kaɗan, na ce gara in tuna wa Takur wanda ya fara.

Bayan la'asar, shago a cike, na ciro layar daga wuyana na sa reza na farke ta a gaban kowa. Takardar ta manne, ta yi ja. Memorin ta fito a tsage, gefe ɗaya ya lotsa, ga hudar basilla ta shiga ta nan ta fita ta can. Na soka ta a na'ura duk da haka. Na danna jerin da yatsuna suka haddace. Ƙasa ba ta tsage ba. Yahuza, wanda shi ne likitanmu a wannan fanni, ya karɓa ya hura mata iska, ya goga a rigarsa, ya sake sokawa, ya cire, ya shinshina. Ya ce, "Sagiru, sai haƙuri. Wannan ta daɗe da cikawa." Ashe tun daga Ringim gawa nake rataye da ita, ina amsa cewa jiki da sauƙi. Waɗanda suka yi dariya a wurin na san su ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai huluna uku a hannuna da masu su za su jira.

Bubayero bai yi dariya ba, wannan ma ya fi ƙona mini rai. Shi ya fara yi mini ta'aziyya. Cikin makon ya cinye wasan, ya zo har inda nake ɗinki ya durƙusa, ya ajiye memorinsa a kan tabarmata. Ya ce, "Mai Dodo, kai ka koya mini. Ka riƙe ta a wurinka, in ina so sai in ara." A rayuwata ba a taɓa ci mini mutunci cikin ladabi irin wannan ba. Na tura masa abarsa da bayan almakashi, na ce ina cikin makoki.

Marigayi ya rasu ya bar ni, uban gidansa na farko kuma na ƙarshe. Ya bar hannun gem na ɓangaren hagu, mai maɓallin da ya lotsa saboda kiransa. Ya bar bororon da ya zama kanta a yatsana, da Iya, wadda ta ce da na tambaye ta da ta ba ni tsohon gwangwanin turarenta na saka shi a ciki. Ana sanar da jama'a cewa Bubayero ba ya cikin magada. Haka kuma wani dodo da ake gani kwanakin nan a shagon Yahuza, mai ƙaho irin na marigayi, ba ɗan uwansa ba ne, kama ce kawai. Yaran da suka fara kiran wani da Mai Dodo, iyayensu su ja musu kunne, mai sunan bai mutu ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin dabinon da ke bayan gidanmu. Fatar layar ce likkafani, tun da ya riga ya saba da ita. Ba za a yi masa salla ba, domin marigayi bai taɓa fuskantar gabas ba, kullum hannun dama yake kallo. Za a karɓi gaisuwa a tabarmar ɗinkina. Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar shawara a kan inda ya kamata a ajiye memori.

Hanyar zuwa dabinon ta gaban shagon Yahuza ta bi, babu wata. Masu rakiya za su iya jin wata doguwar ƙara daga ciki, huwooo, da tafin jama'a. Ana roƙonsu kada su tsaya, kada su waiwaya, ba shi ba ne. Ni na leƙa jiya ta taga na tabbatar, na daɗe ina tabbatarwa har aka kira magariba.

Sanarwa daga Sagiru Mai Dodo, Takur, Dutse.