Ƙyallen Ka'aba da Lemar Babanmu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗauki wani baƙin ƙyalle na kai wurin aiki don in koya wa Tasfai hankali, na dawo gida ni aka koya wa. Lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina aiki a wani shagon ɗinkin kujerun mota a unguwar Sharafiyya ta Jidda, zamanin da yawancin alhazai jirgin ruwa ne ke sauke su a Jidda. Na ɗan taɓa makaranta, kuma a ganina duk layin nan babu mai kaina.

Tasfai Kirista ne, mutumin Asmara, ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ya koya mini jan fata a kan kujera ba tare da ta yamutse ba. Kullum da safe kwano ɗaya muke ci, ful da tamis, wato wake da gurasa mai zafi, kuma shi ke yaga gurasar ya turo mini babban rabin. Maganar addini ba ta taɓa haɗa mu ba. Ya san abin da muka yarda da shi game da Annabi Isa, na san nasu, kowa ya riƙe nasa.

Wata rana ya sunkuya yana buga ƙusa, sai wata 'yar jakar fata ta zamo daga wuyan rigarsa, kamar layar da ake rataya wa yara. Na tambaye shi mene ne. Ya dubi ƙofa (ba abu ne da suke nunawa a garin nan ba), sannan ya ce a hankali ɗan ɓantare ne na itacen da suka yi imani an gicciye Almasihu a kansa. Wani kakansa ne ya samo a Ƙudus.

Mai hankali sai ya ce "to" ya ci gaba da aikinsa. Ni kuwa na ajiye almakashi na gyara tsayuwa. Na ce itacen shekara kusan dubu biyu, gara ba ta ci ba? Wa ya ga lokacin da aka ɓantaro shi? Akwai takarda? Na ce in aka tara duk guntayen da ake cewa na wannan itacen ne, sai a sassaƙa jirgin da zai tsallakar da alhazai teku zuwa Sawakin ya dawo. (Maganar ma ba tawa ba ce, a bakin wani na tsinta, amma na faɗe ta kamar ni na ƙago.) Sauran ma'aikatan biyu suka yi dariya, dariyar kuwa ta yi mini daɗi.

Tasfai ya mayar da jakar cikin riga. Washegari na zo da kwanon ful, ya ce ya karya a gida. Kashegari ma haka. Kwana huɗu ina cin gurasa ni kaɗai ba daɗi, domin gaskiya ina son mutumin nan. Amma maimakon in ba shi haƙuri, sai na yanke shawarar in nuna masa bambancin abu mai hujja da mara hujja. Wai in ya gani zai gane ba wulaƙanci na yi masa ba, ilimi ne.

A gidanmu a unguwar Ruwais muna da guntun rigar Ka'aba. Kakanmu, wanda ya tako da ƙafa tun daga ƙasar Hausa har ya tsallako teku, shi ya samo shi a Makka ya bar wa babanmu. Yana naɗe cikin farin yadi a wani gwangwanin alewa. Babanmu, Allah ya jiƙansa, in zazzaɓi ya kama ɗayanmu sai ya ɗauko ya ɗora masa a goshi ya yi addu'a. Mu yara ba ma taɓawa. Na faki idon Inna tana wanki, na sa shi a aljihu.

A shago na tara jama'a. Har na kira maigidanmu, Ammu Salihu, dattijon da ya ƙare rayuwarsa a kan yadi, ya zo ya zama shaida. Na ce, "Ka gani, Tasfai, wannan shi ne abu mai asali. Daga hannun kakana zuwa hannun babana zuwa nawa, babu ɓatan kai."

Ammu Salihu ya goge hannunsa a riga, ya yi bismilla, ya karɓa. Ya murza shi da yatsu biyu. Ya sake murzawa. Sai ya taka zuwa bakin ƙofa ya ɗaga shi sama, na ga rana tana ratsowa ta cikinsa.

"Ɗana," ya ce, "rigar Ka'aba siliki ce mai kauri, da rubutu a saƙe a jikinta. Na sha riƙe ta." Ya juya gefen ƙyallen ya nuna wani ɗinki da ya tafi a karkace, da ɗan gurbin da tsinken ƙarfe ke zama. "Wannan shamsiyya ce. Lema. Mai kyau kuwa, irin ta da."

Ma'aikatan nan biyu da suka yi mini dariyar daɗi ran nan, su ne dai suka koma bayan kujera suna riƙe ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tasfai kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya karɓi ƙyallen, ya ninke shi a kan tsohon ninkinsa, ya sa mini a hannu, ya ce, "Mayar wa mamarka kafin ta nema."

Na iske Inna tana tsince shinkafa. Na ce, "Inna, ƙyallen nan ashe lema ce."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wa ya aike ka ɗauka?"

Sannan ta ba ni labari. Duk shekara alhazan ƙasar Hausa suna sauka a tsakar gidanmu, in za su koma sai tsofaffin mata su roƙe ta ko ɗan zare ne na rigar Ka'aba su kai tsaraba. "To ya zan yi? Mace ta taho tun daga Damagaram, ta kama hannuna tana hawaye." Haka ta riƙa yanka musu kamar faɗin yatsa, har wata shekara ta buɗe gwangwani ta ga ba saura. Sai ta ɗauko lemar Baba ta sa mata almakashi. (Na tuna shekarar da lemar ta ɓace. Wani bawan Allah, alhajin Sakkwato, muka ɗora wa, Allah ya yafe mana.)

Na ce, "Ke nan Baba ya rasu bai sani ba?"

"Mutum ya riƙe lema shekara goma ya kasa gane yadinta? Ranar farko ya gane. Ya dube shi, ya dube ni, ya ninke ya ɗora a goshi ya yi addu'arsa. Ya san ba ƙyalle ke warkarwa ba. Kai ne ma ke zazzaɓin ranar."

Da safe na kai kwanon ful gaban Tasfai, na ba shi haƙuri, ba hujja ba ilimi. Sai ya dafa ƙirjinsa inda jakar take, ya ce, "Ban taɓa buɗe ta ba. Uwata ce ta rataya mini a bakin jirgin ruwa a tashar Masawa, kuma ban ƙara ganinta ba. Ko tsinken ashana ne a ciki, hannunta ne ya ɗinke." Ya yaga gurasar, ya turo mini babban rabin, ya ce, "Yalla, ci, aiki na jira."

Tun daga ranar, in mutum ya nuna mini abin da ke wuyansa, wanda ya ba shi nake tambaya, ba takarda ba. In kuma bakina ya fara ƙaiƙayin neman hujja, sai in fara ɗaga nawa a rana tukuna. Ƙyallen yana nan a gwangwaninsa, ba zan rabu da shi ba. Jikokina duk sun san lema ce, na gaya musu da bakina kafin wani a cikinsu ya gado ni ya kai wurin aiki.