Rasuwar 'Yar Aduwa, Gorar Ƙurban ta Ƙarshe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai huce ba, Jumare ɗan Mu'azzam, mai turin kayan alhazai a filin jirgin Madina, yake sanar da 'yan'uwa rasuwar 'Yar Aduwa, gorar asali ta ƙarshe da ta rage wa Ƙungiyar Ƙwallon Gora ta unguwar Ƙurban da ke Madina. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a ƙarƙashin tayar motar ruwa.

An saro marigayiya a wani ƙauye na ƙasar Damagaram, inda samari ke bugun ƙwallon goruba da sanda mai lanƙwasa in an gama girbi. Kakan Jumare, Malam Bature, shi ya dogara ta, ya keto Sudan a ƙasa, ya haye teku har Madina. Da zama ya kama shi, ya tara 'yan garinsu a fili bayan gonar dabino suka kafa ƙungiya. Aduwa ba ta samuwa a nan, sai sauran suka sassaƙa hannun dabino. Ita kaɗai ce 'yar gida.

Ta ga zamanin da Hausawan Badr ke cika mota su zo, su koma suna ɗingishi. Ta ga ranar da aka gina benaye a filin, ƙungiya ta koma lungu. Ta ga shigowar dish, 'yan wasa suka zauna gaban talabijin suka yi tumbi, har ya rage daga Jumare sai Abdou mai tsire.

Mai haƙuri ce, ba ta taɓa tsagewa ba. In ta haɗu da goruba, kalmarta ɗaya ce: ƙwas! Ta cire wa Abdou haƙorin gaba, kuma kowa ya shaida shi ya kawo baki. Saboda ita Jumare ya bar makaranta, bai kuma taɓa ganin laifinta ba, ko da mahaifiyarsa ta gani.

Ba ciwo ne ya kashe ta ba, kada wani ya je yana faɗin haka. Saif da Suhaib, 'ya'yan Raliya yayar Jumare, su suka zare ta daga bayan ƙofa, suka kafa ta a titi ta zame musu turken raga a wasan ƙwallon ƙafa. Mai motar ruwa ya yo baya. Maganarta ta ƙarshe, inji masu shago, ita ce: ƙaras.

Da Jumare ya tambayi Saif da Hausa, yaron ya amsa da Larabci, ko ɗagowa bai yi ba: "Malesh, ya khali," wato yi haƙuri, kawu. Raliya ta ce ai sanda ce, a bar mata 'ya'ya su sha iska. Abdou kuwa, abokin wasan shekara da shekaru, ya zo gaisuwa ya tambaya ko za a ba shi guntayen ya hura gawayi. Jumare ya ji, kuma bai manta ba.

Marigayiya ta bar ƙwallon goruba ɗaya da ya sha duka, da gurbi a bakin Abdou, da ƙungiyar da in ba a buga wasa Juma'ar nan ba, ita ma ta bi ta.

Za a binne guntayen ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin dabinon da ya rage a lungu. Ba a buƙatar shinkafa, ba a buƙatar gahawa. Jumare ya yo odar hannun dabino daga Badr, ya sassaƙe su da kansa, duk wanda ya zo ta'aziyya za a miƙa masa ɗaya, a raba gida biyu a buga. Mai tumbi ma ya zo. Abdou ya rufe tukuba ya zo da sauran haƙoransa.

Saif da Suhaib ba za a ba su sanda ba. Tunda sun san amfanin turken raga, su za su tsaya a wurinsa.