Gawayin Kifin Honorabul

"…da gajiya, tsohon ango? Ina saƙona?"

"Lahiya lau, uwargida marar ladabi. Ko gaisuwar ba ki ƙare ba kin hau tambaya."

Malam Abbati maƙeri bai ko ɗago kai daga lauje da yake wasawa ba. Nabila jikarsa ce, kuma tun tana rarrafe yake kiranta matarsa, ita kuma tun da ta iya magana take neman ya sake ta. Amma ranar nan ba wasa ne ya kawo ta maƙerarsa da ke Kaura Namoda ba.

Shekara uku ta yi da takardar kiwon kifi a ƙasan akwati kafin ta sami aiki, aikin kuwa shi ne kula da wani akwatin gilashi a falon wani Honorabul. Cikinsa ruwan gishiri ne irin na teku, da 'yan kifaye masu launi, da murjani mai rai. Shi Honorabul ɗin Abuja yake zaune, amma ranar Juma'a zai zo da baƙi don ya nuna musu tekunsa. Ga shi ruwan ya fara komawa kalar shayi, murjanin ya tsuke. Maganin abin wani gawayi ne na tace ruwa da ta sa aka aiko mata daga Legas, direba kuma ya ajiye shi a gidan maƙera don nan kaɗai ya sani. In Honorabul ya tarar da ruwan haka, ta san ko sallama ba za ta samu ba.

Tsohon ya sa ƙafa ya turo mata leda. Ta buɗe ta leƙa. Gawayi ne dai, amma dakakke, har da guntun ɓawon itace a ciki.

"Kaka, wannan ba nawa ba ne."

"Ya hi naki. Na itacen ƙirya ne, ni da kaina na daka miki. Wancan da anka aiko, cutarki anka yi."

Ya kwashe labari ya ba ta, yana yi yana alfahari. Wai da ya ji ledar na ƙara kamar tsakuwa sai ya buɗe, don miji na da ikon duba kayan matarsa. Ya ɗebi rabi ya zuba a wuta, ya sa zuga-zugi, abin ya watse kamar rairayi, ko allura bai sa ta yi ja ba. Shi kuwa shekara sittin yana ƙira, ba za a ce jininsa ta sayi gawayin da ba ya cin wuta ba, mutanen kasuwa su ji.

"Ɗiyar maƙera ta aika Ikko sayen gawayi," in ji shi. "Gobe sai ki aika Makka a sawo miki gero."

Nabila ta ji kamar ta zauna a ƙasa ta yi kuka. Sai dai ta san halin mutumin, in ta nuna masa hawaye, har ranar aurenta sai ya ba dangin ango labari. Ta daure ta yi masa bayani cewa ba don wuta aka yi shi ba. Daga ƙoƙon kwakwa ake yinsa, a gasa shi da tururi har ya yi 'yan ƙofofin da ido ba ya gani, su ne ke kama dauɗar ruwa da launinsa. Nasa kuwa toka ce fal, in ta shiga ruwan murjanin zai mutu.

"Murjani shina mutuwa? Na wuyan kakarki shekara arba'in, ko mura bai taɓa yi ba."

"Wannan mai rai ne, Kaka. Har abinci yana ci."

"Dutse na ci, ni mijinki tun sahe koko ɗai na sha. To kihin, nawa ka isa miya?"

"Ba a cin su."

"Kin sa musu gishiri tun suna da rai, kuma ki ce ba a ci? Wanga wane irin girki ne?"

"Irin wanda ba a ba marasa haƙori."

Ya ce haƙoransa huɗu sun fi nata talatin aiki. Ta ce ai biyu daga ciki ma haya suke zaune. Sannan ta tambayi ragowar rabin. Tsohon ya ɗaure fuska ya ce ya ɓoye shi, don da shi zai je tasha ya ci mutuncin direba, kuma ba zai fito da shi ba sai an gwada an ga wanda ya fi. In nasa ya ci, ta kori saurayin nan nata mai babur ta tare a maƙera. In nata ya ci, ya sake ta saki uku.

"Ka rantse?"

"Ke dai kawo ruwa."

Ta shiga cikin gida ta samo zoɓo, ta sirka shi da ruwa a kwalabe biyu. Ya zaro tsohon gwangwanin madarar da ya ɓoye ragowar a ciki daga bayan uwar maƙera, ya tsakuro mata cokali ɗaya yana hararar ta. Ta murƙushe shi ta zuba a kwalba ɗaya, shi kuma ya cika tasa da ƙirya har da bisimilla. Suka yi ta girgizawa. Kafin su gama, maƙwabta biyu da mai gyaran rediyo sun tsaya kallo, kowa na bayan Malam Abbati, don ba wanda ya taɓa jin an kayar da ƙirya.

Ta tace kowace kwalba da ƙyalle. Nata ya fito kusan fari, sai ɗan ja-ja kaɗan. Nasa ya fito zoɓo yadda ya shiga, ya ƙaru da baƙi.

Malam Abbati ya ɗaga kofin nata ya duba ta hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa. Ya ce a sake, ƙila kwalbarsa ce ba ta da tsarki. Mai rediyo ya fara dariya, tsohon ya kore shi da muciyar wuta.

Nabila ba ta tsaya jin daɗin nasara ba. Ta karɓe gwangwanin ta auna da ido, ta ga in ta wanke shi ta ƙulle a jakar raga yau, zai iya share ruwan kafin Juma'a.

"To, tsohon miji, takardata."

"Na sake ki, tahi. Dama ba ki iya tuwo ba." Ya sake kallon kofin. "Ke, su kihin nan, kullum ruwansu haka shike?"

"Kullum. In ya gurɓace, ni za a kora."

"Wuta hwa?"

"Sola gare su, ba ta ɗaukewa."

"Abinci?"

"Sau biyu a rana. Ga masu gadi uku a ƙofa."

Tsohon ya tuna 'yan'uwansa na Galadi, da ruwan tafkin da suke sha tare da shanu, da yadda suke kwana da takalmi a ƙafa don tsoron 'yan bindiga. Ya yi dariya har ya yi tari, ya miƙa mata murfin gwangwanin.

"Rufe da kyau kar shi zube. In Honorabul ya zo, ki tambaya mini ko da sauran wuri cikin akwatin. Ki ce mishi tsoho ne, bai da ci da yawa, kuma ya iya buɗe baki ya rufe bai ce komi ba."