An Fiɗe Tayar Manu Takawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye masu cike da baƙin mai, ni Manu Takawa, mai kai saƙon kumandan daga barikin Matameye zuwa ƙauyuka, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tayar baya ta babur ɗina, wadda aka fi sani da Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakar gidana, gindin rumbu, a hannun maƙwabci.

Da gangan aka rubuta wannan sanarwa da ajami, don kumandan bai iya karanta shi ba. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, murya ƙasa-ƙasa. Ban da Idrisa mai doki. Kowa ya san sharaɗin da kumandan ya gindaya mini ranar da ya ba ni aikin nan: muddin babur na tafiya, saƙo nawa ne, ran da ya tsaya, saƙo ya koma hannun Idrisa, ni kuma in koma cikin masu ɗaukar dutse a aikin hanya, gammo a ka, bulalar gardi a baya. Idrisa kuwa tun bara yake shafa wa sirdinsa mai.

Marigayiya 'yar ƙasar Faransa ce. Ta iso garin nan ƙarƙashin wani Bature mai awon ƙasa, wanda da tafiyarsa gida ta zo ya duba babur, ya duba nisan teku, ya bar mini shi. Tun daga ranar ban ji ta yi ƙorafi ba. Ta ɗauke ni, ta ɗauki jakar saƙo, ta ɗauki matata Fadima da ƙullin kayanta zuwa suna a Dungu, ta dawo da mu har da rago. Ita ce a baya, ba ta taɓa ganin inda za a je ba, amma ita ke turawa. Ta gaba ake yi wa kallo da guɗa in mun shiga gari, ita sai hayaƙi a fuska. Ba ta da yawan magana. A yashi ta ce "shuuu", a tsakuwa "ƙarrr-ƙarrr", a laka "caɓal-caɓal", shi ke nan. Kazar da ake cewa ta take a Kurni, shaidu sun tabbatar kazar ce ta faɗa mata.

Ciwon ajali ya fara da ƙayar aduwa a hanyar Dungu. Na ji ta ce "fsss", siririya, kamar mai jin kunyar faɗin ciwonta. Na turo ta gida ban damu ba, don abu ne mai sauƙi: a kwance ƙafar babur, a raba taya da ƙarfen da take zagaye, a fito da robar ciki mai riƙe iska, a liƙe hudar, a mayar. Na sha ganin Baturen nan yana yi, har da fito yake yi da baki.

Na ɗora babur kan turmi, na kwance ƙafa. Nan Baƙa ta ce ita da ƙarfenta ba mai raba su. Na taka, na murɗa, na zauna a kai. Na sa ƙotar fartanya, ta zame ta doke ni a ƙwauri. Na sa muciyar Fadima, ta karye. Na sa wadda ta aro a maƙwabta, ta bi 'yar uwarta. Fadima ta leƙo daga madafa ta ce, "Maigida, in ka gama da muciya, ludayi ma na nan."

Ana haka sai ga sallama. Maƙwabcina ne Sallau mahauci, ya dawo daga mayanka, wuƙa a ƙugu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Manu, me ya sami dabbar taka?"

To, a nan nake roƙon masu karatu su natsu. Ƙusoshin ƙafar babur suna cikin bakina, na cusa su don kada su ɓace a yashi. Da bakin nan na ce masa, "Sallau, taimake ni ka fid da ita." Ni na rantse haka na faɗa. Sallau ya rantse "fiɗe ta" ya ji. An tambayi Fadima, ta ce bakin da ke cike da ƙarfe kowacce ma yana iya faɗa. Ni dai na shiga ɗaki ɗauko man gyaɗa in shafa wa bakin tayar ta sulɓe.

Ina laluben kwalba na ji maganarta ta ƙarshe: "ɓaaarrr", doguwa, mai zagaye. Sai "fuuu". Sai shiru.

Na fito da gudu. Baƙa na shanye a kan danga. Sallau ya sa mata wuƙa ta gefe, ya bi ya zagaye, ya ɗaye ta daga ƙarfen kamar riga. Robar ciki kuwa ya zaro ta, ya tsaga, ya matse, ya rataye a wuya. Yana goge wuƙa a gwiwa ya ce, "Fata ta fi ta bijimi kauri, amma ba naman tsire ɗaya a ciki. Turawa sun cuce ka, maƙwabci. Hanjin fa, kai za ka wanke ko in miƙa wa Fadima?"

A yi wa Sallau adalci: aikin ya yi tsabta, ko gezau hannunsa bai yi ba.

Ba mu sallama ta nan take ba. An kira Illa baduku, wanda ba salkar da ta taɓa gagarar sa a garin nan. Ya zauna da basilla da zaren fata ya ɗinke robar ciki tsaf, ɗinki mai kyau, har da ado. Na sa famfo. Iska ta shiga ta ƙofa ɗaya ta fita ta kowace hudar basilla, "tsss, tsss, tsss", ko'ina a lokaci guda. Illa ya cire hula. Liman da aka tuntuɓa ya ce ba a yi wa roba salla, ya kuma ce mu duka ukun mu nemi aikin yi.

Ta bar 'yar uwarta ta gaba, wadda ba ta iya tafiya ita kaɗai. Ta bar babur gurgu a kan turmi, da Fadima tsaye da taɓarya tana jiran turminta. Ta bar famfo maraya. Ta bar ni. Na ba fatake sallahun magajiyarta daga Kano, sun ce sai raƙuma sun juyo, kuma raƙumi bai san gaggawa ba.

Game da jana'iza, ba za a binne marigayiya ba. Gobe bayan Azahar, a rumfar Illa, za a yanko daga gadon bayanta takalmi daidai ƙafata, zanenta yana kallon ƙasa. Kumandan ba ya tashi da wuri. In ya fito shan kafe, gahawar nan tasu ta Turawa, abin da yake dubawa shi ne sawun taya a yashin ƙofar bariki, kuma zai gan shi. Kowace asuba zan rataya jaka in kama hanya, dunduniya a bakin yatsa, ƙafa gaban ƙafa, layi guda ba yankewa. Masu ta'aziyya da suka gan ni ina tafiya kamar mai taka igiya, kada su yi dariya, kada kuma su gaishe ni, don in na waiwaya layi zai karkace.

Sallau, a madadin diyya, ya ɗauki nauyin ƙara. Zai riƙa tsugunawa bayan dangar bariki ya sa baki cikin tulu ya yi "bur-bur-bur", yana ragewa a hankali kamar an yi nisa. Ana zaman makoki a gidana, babu kuka, babu ganga. Wanda Idrisa ya tsare da tambaya, ya ce masa yanzun nan Baƙa ta nufi Kurni ɗauke da Manu. Ba ƙarya ya yi ba.