An Kashe Gonar Delfina Don Kogi Ya Sha

Ranar Talatar nan na yi aikin da tun da nake noma ban taɓa yin irinsa ba. Na ɗaura wa tarakta garma tun da sanyin safiya, na shiga gona koriya shar na kifar da ita, mai gonar tana tsaye a bakin shinge tana kallona. Ba faɗa muka yi ba. Ita ce ma ta roƙe ni, har da dafa mini wake da miyar koren barkono don in ji ƙarfin yi mata ɓarna. Na ji kunya, kuma har yau ban gama jin ta ba.

Gonar ta Yaya Delfina Archuleta ce, maƙwabciyata ta gabas, tsohuwa mai shekara saba'in da bakwai. Eka goma sha ɗaya ce ta ciyawar alfalfa, shukar ƙarshe da mijinta Eloy ya yi kafin ya rasu. Ciyawar nan ce ke ciyar da tsofaffin dawakinsa biyu, waɗanda ba sa noma ba sa sukuwa, amma su ne suke fito da Delfina daga ɗaki kullum safiya.

Kun dai san kamfanin tsakuwar da ya sa kwarinmu a gaba. Katafila ta kwashe tsakuwa a gefen kogi, tifofi su yi birni da ita, a bar mana kududdufi. Ruwan da ke tafiya ta ƙarƙashin ƙasa zuwa kogi ya taru a ciki, rana ta zauna ta yi ta sha. Doka ta ce duk abin da ranar ta sha, mai rami ya mayar wa kogi. Doka ce mai kyau, ni ma na yarda. To amma kamfani ba ya saukar da ruwan sama. Sai ya bi manoma yana sayen kasonsu na ruwan kanal, wato magudanar da muke ban-ruwa da ita, a saki ruwan ya koma kogi, gonar kuma a bar ta ta bushe. Wato wani ya haƙa, rana ta sha, manomi ya kwana da ƙishi, masu ilimi kuma su ce an yi daidai.

Shekara uku ke nan da Delfina ta sa hannu ta sayar musu da kasonta, lokacin da gwiwoyinta suka ƙi shiga laka da shebur. A ranar ta sa wa ƙofar da ruwan kanal ke bi ya shiga gonarta kwaɗo, kuma ni shaida ne ko ɗigo bai ƙara shiga gonar ba, don ta gabana kanal ɗin yake wucewa. Sai dai ba wanda ya karanta wa alfalfa takardar. Saiwarta ta nutsa ƙasa fiye da tsayin mutum biyu, ta sami damshi, ta ci gaba da harkarta.

A watan jiya sai ga manzon Mai Girma Ubangidan Kogi, wato shugaban ofishin ruwa na gwamnati, cikin farar mota mai sheƙi, riƙe da hoton da aka ɗauko daga sama. Duk gonakin da aka sayi ruwansu sun fito jajir, ta Delfina kaɗai ta fito kore. Cikin ladabi ya shaida mata cewa gonarta tana shan ruwan da ba nata ba.

"Yaro, ka ga kwaɗon nan har ya yi tsatsa," in ji ta. "Ta ina na sata?"

"Mama, ba ke ba ce, ciyawar ce."

"To sai ka kai ta kotu."

Bai yi dariya ba, ina jin ba a ba su izini. Ya ce muddin gonar tana kore, ba za a rubuta cewa ta bushe ba, kuma idan ba a rubuta ba, ita ce ta karya yarjejeniya, lauyoyin kamfani za su neme ta. Ya ba ta kwana talatin ta kashe ciyawar.

Na ce ba zan zuba ido ba. Na sa rigar zuwa coci na tafi ofishin Mai Girma. Gaskiya a yaba musu, ciyawar ƙofar ofishin nan ban taɓa ganin mai kyanta ba, ga famfuna suna yi mata feshi da tsakar rana har kan kwalta. Na yi awa biyu a kan benci. Daga nan wani ƙaramin mai girma ya fito ya yi mini bayani da zane a allo, ya ce kogi ba ya jin tausayi, lissafi yake ji. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa kwarinmu. Ya ce babu buƙata, yana ganinsa kullum a kwamfuta.

Da na dawo na ba maƙwabcina Hollis Kitzman labari, sai ya ce, "Orval, kai ma da neman wahala. Mutanen da ke yi wa kogi awo daga hawa na huɗu za ka je wa da maganar doki?" Ya kawo shawara a shafa wa gonar jar ƙasa duk ranar da za a ɗauki hoto. Na ce masa ai ba su sanar da ranar, ya ce to ka ga ke nan sun san halinmu.

Delfina ba ta taɓa shiga kotu ba, kuma ta ce ba za ta fara da furfura ba. A kwana na ashirin da tara na wa'adin ta kira ni. Abin da ya sa na hau tarakta ke nan. Na yi layin farko ina kauce wa idonta, dawakan suna bin shinge suna shaƙar ƙanshin ɗanyen ganyen da nake binnewa. Kafin la'asar na gama, ta yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi zafi.

Ranar Juma'a sai ga wata farar motar. Wannan karon manzon Mai Girma Garkuwan Ƙasar Noma ne, wani ofishin daban, a bene ɗaya da na farkon. Ya ce labari ya iso musu an busar da gona, doka kuwa ta hana a bar busasshiyar gona tsirara, kada iska ta kwashe ƙasar, ƙaya ta cika maƙwabta. Dole a shuka ciyawa mai ɗorewa ta rufe ko'ina. Na tambaye shi yadda sabuwar ciyawa za ta kama a wannan ƙasa tamu. Ya ce sai an yi mata ban-ruwa na shekara biyu. Na ce da wane ruwan? Ya ce wannan ba ɓangarensu ba ne.

Sai ya durƙusa ya ɗauki wata saiwa da garmata ta tono, ya jujjuya ta a hannu.

"Mama, wannan ai alfalfa ce. Wa ya ba ki shawarar kashe ta? Da kin bar ta, da yau na sa hannu an wuce wurin."

Delfina ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta juya ta shiga gida. Da yamma na ji tana waya da wani mai kiwo na can gindin duwatsu, ranar Litinin zai zo da tirela ya kwashi dawakan, tun da ba ta da abin ba su idan sanyi ya shigo.

Ina taya Masu Girma biyun murna, kowa ya yi aikinsa babu kuskure ko ɗaya. Jiya na gangara kogi don in ga ƙarin da aka yi masa da ruwan Delfina. Na tsallaka shi a ƙafa, na dawo, ko safata ba ta jiƙe ba. Amma kada ku kama maganata, ni ban yi karatun ruwa ba.